Akwatin Kiɗan Da Na Sa A Gurbin Safaya

A shekarun da zan ba ku labari, ni mace ce da ba a gaya wa magana. Mazarƙwaila nake sarowa a Makarfi ina kaiwa ƙauyuka, kuma da gumina na sayi ƙaramar mota, babban ɗana yana tuƙa ta. Ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuto muku da hannuna.

Ranakun da babu kasuwa, motar tana ɗaukar amare. To, wani biki da muka kai Kudan, matan dangin ango suka yi ta yi mini dariya, wai motata shiru kamar ta ɗauko gawa, ta wane kuwa tun daga bakin gari ake jin gangarta a ƙirji. Washegari na tasa ɗana gaba sai wurin mai rewaya, wato mai aikin wutar mota, a Makarfi. Na ce ina son sifika a kowace ƙofa, da amfilifaya, da wufa mafi girma da yake da ita, wannan baƙin akwatin da ke sa ƙasa rawa. Ya gwada, akwatin ya ƙi zama a but ɗin motar sai in an cire safayar taya. Ɗana ya soma gunaguni, na daka masa tsawa, na ce motar tawa ce ko ta ubansa? Aka cire.

Da muka dawo gida, maigidana, mutum mai sanyin hali da ke karantar da yara a zaure, ya ga an jingine tayar a jikin rumbu. Bai yi faɗa ba. Tambayata kawai ya yi, cikin murmushi, ko akwatin nan yana iya gungurawa in taya ta fashe. Na ce masa ya ji da allunansa. Wallahi haka na ce masa.

Da damina ta zauna, wata rana da hantsi yana noma a gonarmu ta wajen Saulawa, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Muka sa shi a mota muka nufi asibiti a Ikara. Ba mu yi nisa ba, a wani wuri da ruwa ya cinye hanya, tayar baya ta fashe. Ɗana ya fita da gudu ya buɗe but, ya manta an cire safayar, ni ma na manta. Muka tsaya muna kallon akwatin. Babu gida kusa, waya babu sabis, kowa yana gona. Na zauna na ɗora kan maigidana a cinyata, ƙafar tana kumbura, jini yana fita ta dasashinsa, shi kuma yana ce mini kada in tsananta wa yaron, ba laifinsa ba ne. Sai bayan azahar wani mai babur ya biyo. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun sha gaya mini, kuma na yarda. Amma ni na san hannun da ya nuna a cire tayar nan. Ranar zaman makoki, da tabarmi suka ƙare, wata tsohuwa ta jawo tayar daga jikin rumbu ta zauna a kai tana yi mini ta'aziyya, ba ta san a kan me take zaune ba.

'Yan'uwana mata, da ku samari masu son a ji zuwanku, ba na hana kowa sa kiɗa a motarsa. Amma kafin a ɗaura, ku tsaya ku ga me aka fitar don ya samu wuri. Dariyar matan biki ba ta kai magariba ba ta ƙare. Tayar kuwa tana nan a jikin rumbu, na hana kowa ɗauke ta, da ita nake fara haɗa ido kowace safiya.