Dawuda Mai Eriya

A layinsu na Utaibiyya, da zarar Dawuda ya doso majalisar bayan La'asar, sai hira ta koma kan tsadar tumatir. Ya san da haka, kuma abin yana ci masa rai. Laifinsa bai wuce dogon ƙarfen da ya kafa a saman gida ba, da akwatin rediyon da yake magana da shi a ɗaki.

A Makka aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Katsina da ƙafa don aikin Hajji, bai koma ba. Dawuda ya yi ƙarfinsa yana tuƙa tankar ruwa a Arfa, can ya saba da oba-oba. Wata shekara ambaliya ta riske shi a kwari da rana tsaka, sama tas babu ko gajimare, ashe a kan duwatsu aka zuba ruwan. Shi ya tsira da kyar, tankar ba ta tsira ba. Tun daga nan ya nemi lasisi, ya haɗa kan wasu tsofaffin direbobi masu sha'awar rediyo, kowa a gefensa na gari. Ba mai biyansu ko sisi. In hadari ya haɗu, kowa ya hau saman gidansa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ban da an-ce-ka-ce.

To amma je ka gaya wa mutanen layi haka. Mutum ɗan ƙasa, mai cikakkun takardu, ya rufe ƙofa yana kiran wasu da lambobi da haruffa? Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Duk ranar da masu duba iƙama, wato takardar izinin zama, suka zagayo unguwa, sai a ɗaga kai a harari eriyar. Dawuda ya rantse har ya gaji. Ya ce duk mai so ya zo ya saurara da kunnensa. Mutum ɗaya ya je, ya ji ana zancen iska da gajimare, ya fito ya ce ai dama ya san da zuwana.

Wanda ya fi kowa gudunsa shi ne Garba tela, Basakkwace, wanda iƙamarsa ta daɗe da ƙarewa. Yana zaune da matarsa Rahmatu da 'ya'yansu a wani ɗaki can ƙasan layi, wanda sai an sauka matakala ake shiga. Dawuda ya taɓa kai masa ɗinki, Garba ya ce keke ya lalace, alhali ana jin ƙararsa daga ciki.

Wata Alhamis bayan Azahar, muryar Jibril, abokinsa da ke zaune a kan dutse arewa da su, ta shigo rediyo.

"Dawuda, sel ya taso, ambaliya ce. Da idona na ga ya ɗauki mota. Kwarinku ya nufa."

Dawuda ya buga wa hukuma waya ya sanar, sannan ya sauko da gwiwoyinsa masu ciwo. Masu gidajen sama ba su dame shi ba. Kai tsaye ya nufi ɗakin Garba, ya buga ƙofa.

Garba ya buɗe kaɗan. "Lahiya, Malam Dawuda?"

"Ambaliya na tafe. Kwashi iyali ku hau sama, yalla, babu lokaci."

Garba ya ɗaga kai ya dubi sama, rana ƙwal. Sannan ya leƙa ta bayan kafaɗar Dawuda, yana neman mota a bakin layi.

"Wato mu hito mu jeru bisa hanya, a kwashe mu ba wahala? Mi muka yi maka, bawan Allah?"

Ya rufe ƙofa, ya sa sakata.

Dawuda ya tsaya, zuciyarsa na tafasa. Ta ƙarƙashin ƙofa yana jin ƙaramar 'yar Garba tana rera karatun allo. Ya san ɗakin yana da wata ƙofa ta baya, mai fita kan matakalar da ta hau dutse, kuma ya san abu ɗaya ne kawai ke sa Garba ya bi ta. Ya ji tsoron abin da zai faɗa, don maƙwabta sun riga sun leƙo ta tagogi. Ya ɗaga murya duk da haka.

"To Garba, gaskiyarka, ba ruwa ba ne. Masu duba takardu ne, gida-gida za su bi, da naka za su fara. Yanzu aka gaya mini ta rediyo."

Karatun ya tsaya cak. Ya ji ƙofar baya ta buɗe, ya ji takun ƙafafu suna hawa. A tagogi kuwa aka shiga rufe labule ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan ya zo ja wur, da duwatsu da kwandunan shara, ya cika ɗakin Garba har saman taga. Keken ɗinki ya tafi, katifu sun tafi, amma ba a rasa rai ba. Dawuda ya sa rai ko yanzu za a gane. Wasu sun yi masa sannu da ƙoƙari. A majalisa kuma aka ce, ai da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji.

Washegari bayan sallar Juma'a Garba ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ba shi hannu.

"Allah shi saka da alheri, ka tsirar min da ɗiya." Bai saki hannun ba. "Amma tsakaninka da Allah, Malam, ƙaƙa aka yi ka san da ƙohwar baya?"



Kafin sati ya zagayo Garba ya tashi daga unguwar. Kowa a layin ya san inda ya koma, ban da Dawuda. Ya roƙi limami, ya roƙi mai shago, ya ce ba sunan unguwar yake so ba, a gaya masa kawai ko sabon ɗakin a kan tudu yake ko a kwari. Duk wanda ya tambaya sai ya ce wallahi bai sani ba.