Rahil ta Bayan Katangarmu

Ranar Asabar, sha ɗaya ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, ina zaune a tsakar gidan ƙanwata a Gadarif, gabashin Sudan, ina duba littattafan ɗalibai, sai waya ta yi ƙara. Lambar maƙwabcinmu Istifanus ce, amma muryar 'yarsa Sara na ji. Ta gaishe ni yadda ta saba, har ta tambayi lafiyar 'yata Amna, sannan ta ce, "Ustaza, Mama ta rasu." Wanda ya ba da aron rai ya karɓi abinsa. Rahil Kodi, maƙwabciyata ta shekara goma sha ɗaya a unguwar Umbadda, ta cika a can Omdurman kwana tara bayan ta haifi ɗanta na shida. Zazzaɓin bayan haihuwa ne ya kwantar da ita. An binne ta a ranar da yamma, ban samu ko ganin fuskarta ba.

Rahil, ba ki iya karatu ba, Hausa kuma ba kya ji sai gaisuwa da 'yan kalmomin tsiya da surukata Inna Lami ta koya miki. Duk da haka da Hausa zan yi miki magana, don da ita nake kuka, kuma ina so dangina su san wace ce ke. Daga baya zan juya wa 'ya'yanki ita zuwa Larabci. Akwai kuma wata magana da ta tsaya mini a rai. Kwana uku bayan rasuwarki Sara ta sake kirana, ta ce ba za ta koma makaranta ba. Ga jariri Yagub, ga ƙanne huɗu, ga mahaifinsu da ke fita neman aiki tun da safe. Ta faɗa mini haka ba kuka, kamar babbar mace. Shekararta goma sha huɗu.

Kun tare kusa da mu a shekarar 2012, ke da Istifanus mai walda, Sara tana goye a bayanki. Daga duwatsun Nuba kuka zo, Kiristoci, mu kuma jikokin alhazan Najeriya da suka yada zango a Sudan ba su koma ba. A katangar da ta raba gidajen biyu akwai nafaj, wato 'yar ƙofar da maƙwabta ke hudawa don mata su riƙa shiga wurin juna ba sai sun fita titi ba. Da Inna Lami ta ji ko su wane ne sababbin masu haya, sai ta sa aka toshe ta da tubalin laka. Ni kuma ban hana ta ba. Shekara guda muna gaisawa a bakin ƙofa kawai, in mun haɗu wurin mai amalanken ruwa.

Daminar da ta biyo baya aka yi ruwan da ya ci gidaje da yawa a unguwarmu. Da sassafe lakar da aka toshe ƙofar da ita ta jiƙe ta zube, ruwan gidanku da na gidanmu suka haɗe. Ina tsaye ruwa iya ƙauri, na rasa abin da zan fara ɗauka, sai ga ki kin sunkuyo ta cikin ramin, da tsohon ciki, da bokiti a hannu. Ba ki yi sallama ba, ba ki tambayi kowa ba, kika hau kwasar ruwa daga ɗakin Inna. Da rana ta fito maigidana Ubaidullahi ya ce zai kira magini. Inna ta ce ya bar kuɗinsa a aljihu, ƙofar da ruwan sama ya buɗe ba ita za ta sake rufewa ba.

Daga ranar na san gidanki kamar tafin hannuna, kuma shi nake kewa yanzu fiye da nawa. Kusan duk shekara biyu sai an ƙara gadon igiya ɗaya a tsakar gidan. Bayan Sara sai Dawud, sai Tiya, sai Hanna, sai Musa. Inna takan leƙo ta ce, "Umm Sara, ba za ki bar wa sauran matan unguwa ba?" Ke kuma ki shafa cikin ki ce, "Ya Hajja, ke ce kike yi mini addu'a a ɓoye, na sani." Ƙanshin kisirarki ne ke tashe ni kafin in shirya makaranta, kina durƙushe gaban farantin ƙarfe kina shimfiɗa ƙullu, kina ɗaga ta siririya kamar takarda, Dawud na jiran ya kai wa masu shago. Kafin ku ci abinci sai kowa ya rufe ido Istifanus ya yi addu'a. Ta nafaj nakan hangi Tiya ya buɗe ido ɗaya yana miƙa hannu wajen nama, ke kuma ido a rufe ki buge hannun ba tare da kin kuskure ba.

Ranar Lahadi kuwa abin kallo ce. Kikan jera su a kan benci ki wanke musu ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ki shafe su da mai har su yi ƙyalli. Rigar da Dawud ya sa bara ita ce a jikin Tiya bana, an ɗan rage hannu. Kullum sai takalmin wani ya ɓace, kullum kuma a ƙarƙashin randa ake samunsa. Istifanus yana bakin ƙofa yana duba agogo, don daga coci sai ya ƙetare gada zuwa wurin aikinsa a Bahri. Da yamma in an yayyafa ruwa a tsakar gida, kukan zauna ku yi waƙoƙin ibada, wasu da Larabci, wasu da yarenku. Littafin waƙa ɗaya gare ku, bangonsa ya yage. Ke da ba kya karantawa kin fi masu riƙe da shi sanin baitocin. In an kira magariba sai ki ɗaga hannu, kowa ya yi shiru har ladan ya gama. Ba wanda ya roƙe ki haka.

Ranakun da na makara a makaranta, ke ce mai korar Amna ta yi la'asar. Har ƙara ta taɓa kawo mini, wai Halti Rahil, wato Anti Rahil, ta fi ni takura, ta ce mata in ba ta tashi ta yi alwala ba, ba ta ba shayi. Da ƙaramar salla ke kike kwana biyu a gidanmu muna murza cincin da biskit, da Kirsimeti ni nake kwana biyu a naku, faranti ɗaya muke aikawa gidan burodi a gasa.

Amma abin da ya ɗaure ni da ke shi ne maganar littafin Sara. Tana aji shida, jarrabawar gama firamare ta matso. Darasin addini yana cikin abin da ake haɗawa a maki, makarantarmu kuwa ba malamin addinin Kirista, sai yara su tafi coci ranar Juma'a a koya musu. Sau ɗaya a mako bai ishi Sara ba. Istifanus ba ya dawowa da wuri, ke kuma ba ki taɓa zama a aji ba, yaƙin duwatsu ya cinye shekarun da za ki yi karatu. Wata rana bayan la'asar kika shigo da littafin a naɗe cikin ɗankwali mai tsabta. Kika daɗe kina zagaye-zagaye, kina yabon bishiyar lemon tsaminmu, kafin ki kwance shi.

"Ustaza, ban ce ki koya mata ba," kika ce. "Ki riƙe mata littafin kawai. In ta faɗa, ki duba ko abin da ke rubuce ke nan. Ni in ta yi mini ƙarya ba zan gane ba."

Ba zan ɓoye ba, kwana biyu littafin yana kan kabad ban taɓa shi ba. Na yi tunanin abin da za a ce a unguwa, da abin da zan ce wa kaina. Ke kuma ba ki sake tayar da zancen ba, kika ci gaba da miƙo kisira ta nafaj kamar ba a yi ba. A rana ta uku na ga Sara a bakin randa tana maimaita wani abu ita kaɗai, tana tsayawa a wuri guda tana komawa farko, ba mai ce mata ga kalmar da ta ɓace. Shekara ashirin ina koyarwa, ban taɓa iya wuce yaro a wannan hali ba. Na kira ta.

Wata huɗu muka yi, kullum bayan la'asar, ita a kan tabarma, ni da littafi. Hanya ɗaya na sani ta sa yaro hadda, wadda aka bi da ni a makarantar allo: a ja murya, a yanka a gaɓa-gaɓa, a riƙa rausaya jiki gaba da baya. Ban lura ba, haka na ɗora ta. Wata Juma'a kika faɗo gidanmu kina dariya har da riƙe ciki. Malamin coci ya tayar da Sara ta kawo Zabura ta ashirin da uku, ta tanƙwashe ƙafa, ta hau rausaya, ta kawo ta tiryan-tiryan da muryar masu tilawa. Yara suka bushe da dariya. Malamin ya ce ba ta kuskure ko wasali ɗaya ba, amma yana son sanin wane shehi ne yake koya mata. Kunya ta kama ni, na ce zan gyara. Kika ce, "Kar ki gyara komai. Allah yana jin kowace murya. Ni dai ta ci jarrabawa."

Ba a yi jarrabawar ba. Yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, aka rufe makarantu. Bayan wata biyu muka tattara muka nufi Gadarif. Na roƙe ki ku biyo mu, kika ce ina za ki kai yara biyar gidan mutane, can duwatsu kuma ba lafiya. Na ba ki makullinmu da akwatin littattafaina. Ranar da za mu tafi kin toya mana kisira mai yawa har ta kai mu kwana uku a hanya. Inna Lami ta riƙe hannunki ta kasa saki. A Gadarif ta rasu bara, tana tambaya ko Umm Sara tana samun ruwan sha.

Abin da kuka gani a shekarun nan biyu ba ki taɓa faɗa mini duka ba. In an samu layin waya kikan aiko da saƙon murya, yawancinsa labarin yara: Musa ya fara magana, Hanna ta yi giɓi, Tiya ya faɗo daga katanga bai karye ba. Kin ce kowace safiya kikan zaunar da Sara ta buɗe akwatina ta karanta da ƙarfi, sannan ta koya wa ƙannenta a ƙarƙashin rumfa, ke kina gefe da muciya kina gadin ajin. Saƙonki na ƙarshe yana cikin wayata. Kina dariya kike cewa, "Ustaza, mun kusa ƙaruwa, amma wannan shi ne auta, na rantse. An ce za a buɗe makarantu. Sara za ta koma, ko goya ta zan yi in kai ta. Ke yaushe za ki dawo?"

Na ce miki bayan damina. Gaskiya tsoro nake ji, shi ya sa nake ta ɗaga ranar. Damina ta wuce, ke ma kin wuce.

Sara, yanzu da ke nake. Kin ce mini, "To wa zai riƙe Yagub?" Ga amsarki. Mun yi magana da Ubaidullahi, na kuma yi magana da mahaifinki jiya. Farkon watan gobe za mu dawo Umbadda. Na ajiye aikin da nake yi a nan, kuma ba zan karɓi aji a can ba sai ƙaninki ya yi ƙafa. Da safe za ki miƙo mini shi da kayan sawarsa, ki ɗauki jakarki ki tafi. Hanna da Musa su zauna wurina har ki dawo. Shekara biyu da rabi da kika rasa za mu bi su shafi-shafi. Na san kina ganin zamanki a gida shi ne biyayya ga mahaifiyarki. Zan kunna miki muryarta ki ji abin da ta ce da bakinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Istifanus, wanda bai taɓa ɗaga wa matarsa murya na ji ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina yi wa Sara da Dawud da Tiya da Hanna da Musa ta'aziyya, da Yagub da ya sha nonon uwarsa kwana tara. Haka kuma 'yan'uwanta da ke duwatsun Nuba, waɗanda ban sani ba ko labarin ya kai musu, da matan cocinsu da suka wanke ta suka raka ta. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari, ya sa su zama masu jin ƙan juna. Allah ya kawo ƙarshen wannan yaƙi, ya mayar da kowa ɗakinsa.

Ke kuma Rahil, hanyar ibadarmu ba ɗaya ba ce, ba mu kuma taɓa yi wa juna ƙarya a kan haka ba. Na bar ki a hannun Ubangijin da ya halicce mu ni da ke, wanda ya fi ni sanin zuciyarki, ya kuma fi kowa jin ƙai. In aka tambaye ni shaida, zan ce maƙwabciya ce tagari. 'Ya'yanki kuwa, muddin ina numfashi, ba za su rasa mai duba musu littafi ba.

Fadila Jibrin
Gadarif, Oktoba 2025