Ranar da Baba Ya Kai Salwa Kiwo

Ko da zan manta komai na rayuwata, yammacin da na tarar da kejin salwata a buɗe ba zai fita raina ba.

A lokacin na gama karatu, aiki ya ƙi samuwa, sai na sayo 'yan tsakin salwa a Kabo na kafa keji a bayan ɗakinmu a Kutama. Salwa 'yar tsuntsuwa ce da ba ta cika tafin hannu ba, amma akwai albarka. Da la'asar take zuba ƙwai, ƙanana masu ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa musu tawada. Ƙwan nake kaiwa Gwarzo, mazan kuma in sun yi nama masu gashi su karɓa. Da su nake ci da gidana, ba ni da wata sana'a.

Mahaifina makiyayi ne tun tasowarsa. Burtali ya toshe, ƙafa ta gaji, shanun suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya dawo zaman gida. Kullum da yamma yakan jawo buzunsa gaban kejin, ya yi ta kallon tsuntsayen yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Har sunayen shanunsa ya raba musu.

"Wannan ɗauri ya yi yawa," yakan ce da ni. "Ga damina ta yi kyau, ga ciyawa, ka bar bayin Allah su sha iska."

"Baba, ba kaji ba ne. In suka fita sun tafi ke nan."

Sai ya yi murmushi irin na wanda yaro ke koya wa sana'arsa. "Duk abin da ka ciyar da hannunka, in rana ta faɗi zai nemo ka."

Ranar da abin ya faru na dawo daga Gwarzo bayan la'asar, na ga ƙofar keji a wangale. Ba motsi, sai gashi da 'yan ƙwai a ƙasa. Maiɗakina ta ce Baba ne ya kaɗa su gona, ta yi magana ya ce ta bar shi da aikinsa. Wallahi kaina ya yi zafi. Ni mutum ne mai saurin fushi, na nufi gona ina shirya maganganun da ɗa bai kamata ya faɗa wa uba ba.

Na same shi a bakin gona, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta. An yi yayyafi, ƙasa na ƙamshi, rana ta yi ja a kan ganyen dawa, iska na kaɗa shi a hankali. Yana kira, irin dogon kiran nan da nake ji ina yaro in garke ya doso gida, wanda rabona da shi na manta. Fuskarsa ta sake, ya miƙe tsaf kamar ba shi ne ke dafa bango ba. Can cikin dawa wani namijin salwa ya yi cara, wani ya amsa daga nesa. Na tsaya a bayansa ina kallon dawar. Har na fara ganin kamar za su fito a jere, su wuce mu su shiga gida.

Ba su fito ba. Aka kira magariba, muryarsa ta dushe, ya sauke sandar.

"Da shanuna ne, da yanzu sun shigo," ya ce, bai dube ni ba. Sannan ya ce, "Ashe ba su san ni ba. Na cuce ka, ɗana."

Jarina ne ya shige dawa, amma shi na tausaya wa. Na riƙo hannunsa muka koma.

Ƙwan da suka rage na kai wa mai injin ƙyanƙyasa a Kabo, na sake farawa daga tushe, mun kuwa sha wuya a shekarar. Da abin ya miƙe, kafin in ƙara keji sai da na sayo masa tumaki biyu. Har ya bar duniya shi ke fita da su, su biyo shi gida da yamma.

Abin da na koya shi ne, tsoho ba tuwo da wurin kwana kaɗai yake bukata ba. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kira ana amsawa, ka samar masa abin da zai kira ya zo.