Dutsen Mil Sha Tara

Safiyo bai taɓa auna ko fili mai faɗin tabarma ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin gyaran hanyoyi, a wani ɗaki na can baya mai taga ɗaya, aikinsa ɗaure fayil da igiya da kaɗe tsofaffin taswirori. Direbobin ofis ne suka laƙaba masa sunan don tsiya, saboda yadda yake saƙale fensir a kunne yana gyara wa safiyoyin gaske magana. Shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Da ya yi ritaya, har a jikin ƙofar gidansa ya sa aka rubuta, da jan fenti.

Mutum ne mai son a saurare shi, amma kunnensa na ado ne. In kana magana, ba ji yake yi ba, jira yake ka ja numfashi ya karɓe. Kuma duk inda hira ta dosa sai ya karkato da ita kan tsohuwar hanyar mota, wadda aka ce ita ce ta farko da taya ta taka a yankin, tun kafin a shimfiɗa sabuwa a bar ta ta mutu. Yakan ce jininsa ne, don mahaifinsa babba ne a aikin hanyar.

Mahaifinsa dai lebura ne. Kwandon tsakuwa yake ɗauka a ka yana cike ramuka. Wata rana wata babbar mota ta ƙwace a gangare, ta kwashe shi, ta daki dutsen mil na bakin hanya ta ɓalle masa kafaɗa ɗaya. Gari da nisa, rana da zafi, sai abokan aikinsa suka yi masa sutura a nan cikin daji. Lokacin Safiyo yana goye. Inna, mahaifiyarsa, ba ta iya karatu ba, ba ta san lambar da ke jikin dutsen ba, amma ta san shi da hannu: mai karyayyar kafaɗa. In ka dafa shi ka fuskanci mafaɗar rana ka yi taku sittin, kana kan kabarin. Ba wata alama bayan wannan. Shekara da shekaru ƙanenta ne ke kai ta, har ya rasu, idanunta kuma suka yi hazo. Duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san wannan lissafi, kuma abin da take so kafin ta kwanta dama shi ne ta danƙa shi a hannun ɗanta.

Ta fara gaya masa ya fi sau ɗari. Da ta ce "ran da motar nan ta kwashe babanka", sai Safiyo ya tuna yana da uzuri. Kwandon tsakuwar ne ba ya son ji.

A yi masa adalci, farkon abin ya yi kyau. Da ya bar aiki ya tattaro wata taswira da gara ta ci gefenta, ya shiga bin sawun hanyar a ƙafa. Ya samo kwalbati mai bakin dutse a bayan wata makaranta, ɗalibai na zama a kai suna cin abinci lokacin tara. Ya samo guntun kwalta ƙarƙashin rumfunan masu sayar da katako. Ya samo rabin gada tsaye a tsakiyar rafi, ba ta zuwa ko'ina. Ya gano cewa jerin manyan itatuwan nan da suka ratsa unguwa a karkace ba haka kawai suka tsiro ba, inuwar matafiya ce aka dasa. Da ya tsaya a nan, da mun ce Allah ya yi masa albarka.

Amma sai ya fara cin karo da duwatsun mil. Kowanne ya kai gwiwar babban mutum, kansa a zagaye, an sassaƙa lamba a fuskarsa. Wani an ɗaure akuya a jiki, wani mai wanki na bugun kaya a kai. Ran Safiyo ya ɓaci. Ya ce jahilai za su ƙarar da tarihi, kuma in bai cece shi ba, ba mai cetonsa. Ya nemo lebura biyu, manyan ƙarti, da diga da shebur da motar ɗaukar kaya, ya shiga tumɓuke duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a farfajiyar gidansa, daga jikin ƙofa zuwa gindin famfo.

Dutsen mil ba shi da wani aiki a duniya illa ya tsaya inda aka kafa shi ya ce nan ne. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya cikin taswira bai gane wannan ba. Yana da littafi mai baƙin bango inda yake rubuta lambar kowane dutse da tsayinsa da kaurinsa da ranar da aka kawo shi. Inda aka cire shi ne kawai bai ga dalilin rubutawa ba, tunda ai lambar na jiki.

Matarsa, mace mai ƙarancin magana da kaifin harshe, ta tsaya ranar da aka sauke na bakwai, ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, wannan maƙabarta da kake haɗa mana a tsakar gida fa?"

"Gidan tarihi ne. Ba ki da ilimin abin."

"To. Ni dai na samu wurin shanya."

Haka kuwa aka yi. Kullum sai ya kwashe tawul da safa daga kan tarihi yana mita.

Inna tana ɗakin baya, ba ta fitowa gaba. Takan ji ƙarar saukar abu mai nauyi, in ta tambaya a ce mata aikin hanya ne na Auta, sunan da take kiran Safiyo ke nan. Wannan ya faranta mata rai, ta ɗauka ɗanta ya fara waiwayar ubansa. Wata safiya da ya leƙo gaishe ta, ta kamo bakin rigarsa.

"Auta, tunda yanzu kullum kana kan hanyar nan, ka ɗauke ni mana. In nuna maka wurin babanka. Akwai wani dutse..."

"Inna, duwatsu ai ni za a tambaya. Bari in kammala aikin nan tukuna, sai in kai ki a natse."

"Ƙafata ba ta jira, ɗan nan."

"Za a je, za a je," in ji shi, yana zare rigarsa.

Dutse na sha tara ya fi ba shi wuya. A wajen, hanyar ta ɓace ɗungum. Wani kamfani ya haɗe gonaki da daji ya mai da su fili ɗaya, iya ganinka, ba itace ba tudu. Kwana uku yana yawo kafin ya hango dutsen tsaye shi kaɗai a tsakiyar huɗa, da ɗan tsibirin ciyawa kewaye da shi. Direban tarakta ya ce shekara goma sha ɗaya yana kewaye wannan abu, ya gaji, in za a cire masa shi har ruwa zai kawo wa leburori. Safiyo ya yi masa lacca ta minti ashirin kan darajar kayan tarihi, sannan ya ce a haƙa. Ba su gama barin gonar ba suka ji tarakta ta tashi a bayansu.

Ya ba dutsen wuri mai kyau, tsakanin sha takwas da ashirin, waɗanda dama sun riga shi zuwa. Ya gayyato tsofaffin abokan ofis su biyu, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya nuna musu ɓallalliyar kafaɗar da tsinin fensir.

"Wannan aikin ruwan sama ne da zafin rana. Dutse yana buɗewa yana tsukewa. Wanda bai karanta ba zai ce wani abu ne ya buge shi."

Suka gyaɗa kai. Shayi suka zo sha.

Bayan kamar wata guda, aka zo gyaran rufin ɗakin Inna, matar Safiyo ta riƙo hannunta ta fito da ita gaba ta sha hantsi. Tsohuwa tana lalube don ta samu abin dafawa, hannunta ya sauka kan dutse. Ta shafa kansa. Ta gangaro da yatsu gefen hagu, inda ya kamata kafaɗa ta kasance. Ta tsaya. Ta sake shafawa, a hankali, tun daga sama.

"'Yar nan, ina ne nan?"

"Gida ne, Inna. Tsakar gida."

"Kira min mijinki."

Ya fito da littafinsa, baki har kunne, don a zatonsa yau Inna za ta yaba.

"Inna, kin taɓa mai daraja. Mil sha tara ke nan. Ni na ceto shi."

"Wa ya ce ka taɓa shi?"

Ba ta ɗaga murya ba. A nan tsaye, hannunta a kan dutsen, ta gaya masa labarin daga farko har ƙarshe: kwandon, motar, kafaɗar, taku sittin. Karo na farko a rayuwarsa Safiyo ya ji magana har ta ƙare bai katse ba. Da ta gama, sai ya yi abin da ya iya. Ya gyara tabarau ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya san wurin sarai, gobe za a mayar.

Washegari suka tafi, shi da Inna da matarsa da leburorin, dutsen a bayan mota. Gonar ta yi kore. An yi huɗa, an yi shuka, kunya bayan kunya duk iri ɗaya har inda ido ya gaji. Safiyo ya shiga gaba da ƙarfin hali, ya yi gabas, ya dawo, ya yi kudu. Ya tambayi leburori. Ɗaya ya nuna can, ɗaya ya nuna wani can ɗin, tsakaninsu ya fi tafiyar minti goma. Aka nemo direban tarakta, ya sosa ƙeya ya ce shi da dutsen yake gane wurin.

Inna na zaune a gaban mota, ƙofa a buɗe, tana jira a zo a kama hannunta.

"Ba matsala," in ji Safiyo, gumi na bin wuyansa. "Lissafi ne. Mil ɗaya ne cif daga sha takwas. A kawo tef, mu auna daga sha takwas."

"Wane sha takwas?" in ji matarsa. "Wanda tawul ɗinka ke kai?"

"To daga ashirin."

Leburorin suka sunkuyar da kai. Safiyo ya buɗe littafinsa mai baƙin bango, ya duba shafin sha tara. Tsayi yana nan, kauri yana nan, kwanan wata yana nan, da kyakkyawan rubutu.

Ya zo jikin mota ya durƙusa. Ya ce ko a kafa dutsen a nan kusa, ai duk ƙasa ɗaya ce, addu'a kuma tana isa ko daga ina.

"Addu'a na isa," in ji Inna. "Ba ita na kawo ka ka koya ba. Shekara sittin ina riƙe da wurin nan a kaina, ban iya ko harafi ɗaya ba. Kai da ka yi karatu, wata guda ya ishe ka. Ku mai da ni gida. Ku taho da dutsen."

Aka koma gida. Aka sauke dutsen inda yake da, tsakanin sha takwas da ashirin.

Safiyo yana nan har yanzu. Sunan na jikin ƙofa, fentin ya ɗan koɗe. Ya daina fita bin hanya, amma in baƙo ya zo yakan zagaya da shi, ya yi bayanin kowane dutse, in an zo na sha tara ya ce rana ta yi, a shiga ciki. Matarsa ta daina shanya a kan wannan ɗaya.

Inna kuwa ba ta koma zaman ɗakin baya ba. Kullum da yamma, in rana ta karkata har ta ji ɗuminta a fuska, takan lalubo dutsen ta dafa karyayyar kafaɗar, ta juya ta fuskanci ɗumin, ta fara taku tana ƙirgawa a fili. Safiyo yana jin ta daga ɗaki, ko ya rufe taga. A taku na tara take isa katanga. Sai ta dafa bulo, ta tsaya jim, sannan ta kira surukarta ta zo ta mai da ita.