Baba ya ce kudu, waya ta ce makanta

"Kudu!" in ji Baba.

Ina tsaye a tsakar gidanmu a Tudun Wada, ina gwada masa ido da wata manhaja da na sauke a waya. Harafin E take nunawa, mutum ya faɗi inda ƙafafun harafin suka kalla, ni kuma in danna. Makon jiya ne Baba ya kusa faɗawa rami da babur a hanyar Kwanar Dangora, Inna ta ɓoye makullin.

Na ce, "Baba, dama ko hagu za ka ce."

Ya ce, "Damarka ko damata? Ga ka kana fuskantata. Kudu kuwa kudu ce, ko ina ka juya."

Haka muka yi ta fama, yana arewa yana kudu, ni ina laluben alƙibla kafin in danna. Manhaja ta ce idonsa ya kusa tafiya. Muka sake a inuwar zaure, ta ce garau yake. Na gwada nawa don haushi, ta ce in gaggauta ganin likita!

Yanzu Inna ta riƙe sakamakon farko, Baba ya riƙe na biyu, ni ake harara.

Na ce ranar Litinin sai asibitin ido a Kano. Baba ya ce, "To, zan raka ka, tunda kai ne mara lafiyar."

Jama'a, akwai wanda abin nan ya taɓa gaya wa gaskiya, ko ni kaɗai ya raina wa hankali?