Jimrau, Mai Tambayar Ruwan Garin Wasu

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu tattara. Ranar Alhamis, shida ga watan Ƙaramar Salla, shekara ta 1290 bayan Hijira, da hantsi, Baba Jimrau ya rasu a gidansa da ke gabas da Birnin Lalle, bayan an gama ɗaurin gero. Ni Badaru na rubuta wannan, ni da karatuna ya tsaya a izu biyar saboda malam ya gaji kafin ni. Wanda ya ga kuskure ya gyara da bakinsa.

Baba, shekara arba'in kana zuwa zango. Kowa na tayin goro da gishiri, kai kana tambayar iska. Fataken Gwanja ka ce musu: yaushe ruwa ya sauka can? Kogin Kwara ya cika da kuka ƙetare? Buzayen Abzin ka tambaye su tsawon sanyinsu. Ka ce damina tafiya take yi daga kudu, zango zango kamar ayari, wanda ya san inda ta kwana ya san ranar isowarta. Ni na raɗa maka "mai tambayar ruwan garin wasu", sunan kuwa ya bi ka.

Bana ruwa ya sauka da wuri, mai yawa. Kowa ya ɗauki sungumi. Ka tsaya a dandali da sandarka ka ce, "Kada a fid da iri. Kudu ba ta jiƙa ba tukuna, iska ba ta juyo ba. Wanga ruwa baƙo ne, ba zai zauna ba."

Irin da ya rage mana bayan yunwar bara bai isa shuka biyu ba. Mai gari ya bi maganarka. Kwana ashirin da huɗu gonakin garuruwan maƙwabta suna kore, namu suna fari, kana shan zagi kana gyaran igiyar rumbu.

Ni kuwa, mai izu biyar, na ce, "Baba, in ruwan Gwanja kake jira, sai mu koma Gwanja da noma." Na je na shuka. Tsiron ya fito, ya dube ni, ya ƙone. Na zauna ina tunanin abin da 'ya'yana shida za su ci, sai Rahamatu matata ta ce, "Malam, tashi. Rabin irin na ɓoye shi a rumbun Baba. Da ka shuka ba ka ji buhun ya yi sauƙi ba?" Na ji mana, na ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru mini.

Ran da iska ta juyo, ka aiko mini da irina, da saƙon cewa ruwan Gwanja ya iso, in fito in tarbe shi. Aka yi damina wadda tsofaffi ba su tuna irinta ba. Da kaka ka sa kowane gida ya ware dami ɗaya don waɗanda shukarsu ta ƙone. Har daga garin Mai Yara aka zo karɓa da jakuna. Ka ga wannan da idonka, alhamdu lillahi.

Jiya ayari ya sauka. Na je zango na tambayi madugu ko Kwara ta cika. Mutane suka yi ta dariya. Na bar su, na san mai irin wannan dariya, a cikin rigata yake kwana.

Ina yi wa Goggo Safi matar Baba ta'aziyya, da 'ya'yansa Arzika da Dela da jikoki duka. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya yafe mini bakina. Ya saukar da rahama a kabarinka, wadda ta zo ta zauna. Amin.