Rabon Kogi

Har yau in na ji warin ɗanyar laka bayan ruwan sama, sai gabana ya faɗi. Jiya 'yata da ke jami'a nan Wudil take fassara mini wata kalmar Turanci, wai ratar da ake bar wa mutum don ya sake. Na ce, yarinya, ni a bakin kogi na koyi wannan, kuma ban koya da daɗi ba.

Gonar kakanmu a gaɓar kogi take. Tsakanin kunyar ƙarshe da ruwa yakan bar fili mai faɗi, ciyawar jema ta cika shi, ba wanda ya isa ya sa masa fartanya. Rabon kogi yake kiransa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Baffa, ƙanin mahaifina, ya dawo daga yawon siyasa kansa na hayaƙi, wai yanzu kowa ya ci gashin kansa. Ya ce, "Baba, ƙasa mai kyau haka a bar wa ciyawa?"

Tsoho ya ce, "Saiwar ciyawar nan ce ke riƙe da gonar."

Ina, Baffa kunnen ƙashi gare shi. Ya tumɓuke jemar kaf, ya shuka masara har bakin ruwa.

Masarar kuwa ta yi kyau. Ni ke kai masa fura da rana. Da marka ta kankama, kogi ya yi jawur, ya daina ƙara, sai dai ka ji gaɓa na zubewa ciki kaɗan-kaɗan. Ran nan na ga tsaga a ƙasa, ta bi bayan masarar kamar tsagar tsohuwar ƙwarya. Na ruga na gaya wa Kaka. Bai tsokane ni da "amarya" yadda ya saba ba, sandarsa kawai ya ɗauka.

Muka tarar da Baffa a ƙetaren tsagar yana karyar masara. Tsoho ya ce, "Bar ta, taho."

"Saura kunya ɗaya, Baba."

Da shi da kunyar gaɓar ta zube. Bayan kwana biyu masunta suka kawo gawarsa.

Wallahi har yau haushinsa nake ji, kuma ina kewarsa. Yanzu in na bi ta gada, gidajen bulo nake gani har bakin ruwa, tifofi na kwasar yashi a gindinsu, ba ko tushen jema ɗaya. Inda kuwa Kaka ya tsaya yana kiran ɗansa, yau nan masunta ke zuba taru.